Jinjina ga Dillalan Sararin Samaniya

Duk wanda ya san kasuwa ya san abu mafi wuya a cikinta shi ne cin riba ba tare da ɗaukar kasada ba. Fatake sun daɗe suna neman laƙanin ba su dace ba. Mai hatsi na fargabar faɗuwar farashi, ɗan canji kuwa da rediyo a kunne yake kwana. Sai ga shi masu harkar horar da matuƙa jiragen sama sun gano shi salin-alin, amma har yau ban ji wanda ya ba su lambar yabo ko ta kwali ba. Wannan butulci ne, kuma shi na ɗaura niyyar gyarawa. Mutanen nan sun tsara sana'ar da ma'aikaci ke sayen iliminsa, ya sayi shaidar ƙwarewarsa, wani zubin har ya sayi aikin da zai yi, in kuma ginin ya rufta shi kaɗai yake dannewa. Makaranta ta karɓi nata tun farko, banki na riƙe da takardun gida, kamfanin jirgi ya samu ƙwararren ma'aikaci a ɓagas. Ina aka taɓa ganin ciniki mai tsafta haka?

A da, lokacin da kai bai waye ba, kamfanonin jiragen ne ke ɗora wa kansu wahala. A Ingila, BOAC da BEA, waɗanda daga baya suka haɗe suka zama British Airways, suna da kwalejinsu a garin Hamble tun 1960: su zaɓo yaro saboda kaifin ƙwaƙwalwarsa, su koyar da shi, su ba shi aiki. Mu ma da aka buɗe kwalejin horar da matuƙa ta Zariya a 1964, tunanin shi ne ƙasa ta samar wa kanta matuƙa, kuma 'ya'yan talakawa da dama sun hau kujerar gaba a jiragen Nigeria Airways ba tare da an sayar da gonar gado ba. Dubi wannan almubazzaranci! A zuba dukiya a kan ɗan wani, ɗan da ubansa ko kwabo bai kawo ba. Alhamdu lillahi an farka. Hamble ta rufe a 1984, yawancin abin da ya rage na ɗaukar nauyi ya bi ruwa bayan harin 11 ga Satumbar 2001, kamfanonin tikitin araha kuma suka shigo da ƙa'ida mai sauƙin haddacewa: mai son kujerar gaba ya zo da kuɗinsa.

Kaya ba ya sayuwa sai da talla, tallar wannan kasuwa kuwa ita ce ƙarancin matuƙa. Kowace shekara kamfanin Boeing, wanda ke ƙera jirage kuma yake da nasa sashen horaswa, yana fitar da hasashe. A 2023 ya ce duniya za ta buƙaci sababbin matuƙa 649,000 cikin shekara 20. A 2024 ya ce 674,000. Makarantu kan ɗauki adadin su buga shi da manyan baƙaƙe, a gefensa hoton saurayi da farar riga, da baƙin tabarau, da ratsin zinare a kafaɗa. Abin da ladabi ya hana su bugawa shi ne, wanda kamfanoni suka fi nema ruwa a jallo gogaggen kyaftin ne mai dubban awanni, ba yaron da ya fito jiya ba. Sun kyauta da suka yi shiru. Uba ya zo da farin cikinsa, don me za a ɓata masa rai?

Kuɗin ma ai ba wani abu ba ne. A Birtaniya cikakken kwas, daga wanda bai taɓa shiga ɗakin tuƙi ba zuwa lasisin tuƙin kasuwanci, yana lashe fam 100,000 ko fiye. Rancen gwamnati mai sauƙi da ɗalibin jami'a ke samu, wanda ba ya fara biya sai albashinsa ya kai wani mataki, ba ya ɗaukar wannan nauyi. Sai a nufi banki, banki kuma ba ya karɓar buri a matsayin jingina, gida yake so. Gidan wa? Na iyaye mana, ɗan shekara 19 ina ya ga gida. Ni dai ban san wata dabara da ta fi wannan ƙarfafa zumunci ba. Duk ranar da yaron ya zauna ɗaya daga cikin jarrabawoyi 13 na takarda, ko ya hau sama da mai gwada shi, uwarsa da ubansa da rufin da ke kansu duk suna tare da shi. In ya faɗi gwaji, maimaitawa da kuɗi, hayar jirgin da kuɗi, mai jarrabawar da kuɗi. In hadari ya hana tashi wata guda, mai gidan haya bai san da hadari ba, kuɗin ruwa kuwa ko Lahadi ba ya hutu.

Inda hazaƙar ta fi fitowa fili shi ne wajen biyan kuɗi gaba. Makaranta mai tausayi takan ce wa uba, in ka biya a dunƙule tun kafin a fara tashi, za a yi maka rangwame. Harkar kuwa mai cin kuɗi ce, ga man jirgi, ga gyara, ga inshora, ga albashin malamai, ribar kuma siririya. Makarantar da ta fara tangaɗi, da kuɗin ɗalibin bana take sayen man da na bara zai tashi da shi. Muddin sababbi na shigowa, kowa na murmushi. Ranar da suka ragu, sai a wayi gari da kwaɗo a ƙofa.

A jihar Nebada ta Amurka an yi wata makaranta, Silver State Helicopters, mai koyar da tuƙin jirgi mai saukar ungulu, da rassa a jihohi da dama. Kuɗinta kimanin dala 70,000, yawanci rance ne, masu ba da rancen kuma kan tura wa makarantar kuɗin cikin 'yan watannin farko, tun ɗalibi bai gama sanin inda maɓallai suke ba. A farkon Fabrairun 2008 ta rufe dare ɗaya, ta bar ɗalibai sama da 2,000 da bashi a wuya, ba lasisi a hannu. A 2012 kuma Pilot Training College ta garin Waterford a ƙasar Ayilan ta tura ɗalibanta jihar Fulorida su tara awannin tashi a wata cibiya da ta ƙulla yarjejeniya da ita. Wasu iyayen sun riga sun biya yuro 80,000 ko fiye. Cibiyar ta ce ita kuɗinta bai iso ba, ta dakatar da horon. Ƙarshenta hukumar sufurin sama ta Ayilan ce ta biya wa yaran tikitin komawa gida. Kada wani ya ce ba su amfana ba: sun tsallake Tekun Atlantika a babban jirgi, ko da yake a kujerar fasinja.

A 2023 Birtaniya ta nuna cewa dabarar ba ta tsufa ba. Tayside Aviation ta garin Dundee ta durƙushe a watan Afrilu, FTA Global ta Shoreham ta bi bayanta a Mayu, dukansu da kuɗin ɗalibai a ciki, waɗansu sun zuba dubun-dubatar fam. Wajen rabon abin da ya rage, masu jingina ne gaba, ɗalibi na can ƙarshen layi tare da mai kawo wa ofis takarda da biro. Abin burgewa, hukumar sufurin sama ta ƙasar, wadda ke ba makarantun izini, ita ce kuma ke gudanar da tsarin ATOL mai kare kuɗin wanda ya sayi tafiyar hutu. Da kamfanin shirya tafiye-tafiye na Thomas Cook ya rushe a 2019, hukumar ta kwaso kimanin mutum 140,000 daga wuraren shaƙatawa ta dawo da su gida. Wato wanda ya biya, a ce, fam 800 don ya je ya kwanta a bakin teku mako guda yana da gata. Wanda ya biya ninkin haka sau ɗari don ya koyi tuƙa jirgin da zai kai shi, shi kam ta kansa yake yi. Aikin hukuma a kan makaranta shi ne ta tabbatar jirgi lafiyarsa ƙalau, malami ya ƙware. Inda kuɗin ɗalibi ya kwana ba huruminta ba ne. Wannan shi ake kira girmama matashi: an ɗauke shi cikakken mutum mai iya rungumar ƙaddara, ba kamar ɗan yawon buɗe ido mai raki ba.

To a ce makaranta ba ta rufe ba, yaro ya gama lafiya. Lasisin da ya fito da shi, da awa 200 ko ɗan sama, ba ya ba shi damar taɓa Boeing 737 ko Airbus A320. Kowane samfurin jirgi na da nasa horon da tasa shaidar, abin da 'yan harkar ke kira taif-retin. 'Yan makonni ne a na'urar kwaikwayon tuƙi, kuma a Turai yakan ci yuro 20,000 zuwa 30,000. Ryanair ya daɗe yana karɓar kusan yuro 30,000 daga hannun sababbin matuƙansa don ya koya musu jirgin da za su yi masa aiki da shi.

Kanawa sun san wannan ƙofa ta biyu. A zangon mulkinsa na biyu, gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi da kuɗin jiha. Suka dawo da lasisi, aka yi murna, sannan da yawansu suka shafe shekaru a gida, don kamfanoni na tambayar shaidar samfuri da awanni, su kuwa ba su da dalolin sayensu. Waɗannan ma gwamnati ce ta biya musu zangon farko. Ka ƙiyasta wanda ubansa ya sayar da fili ya kawo shi daidai wannan ƙofa, aljihu ya riga ya bushe.

Daga nan sai ƙololuwar fasaha, wadda in da ana adalci da tuni an sa ta a manhajar koyon kasuwanci. Kamfanoni na son mai awa 500 a kan samfurin jirgi. Yaro ba shi da ko ɗaya, kuma ba zai samu ba sai an ɗauke shi. Dillalai suka ga wannan ƙulli suka tausaya: kawo yuro 30,000 zuwa 50,000, mu sama maka kujerar mataimakin matuƙi a wani kamfani, ka tuƙa fasinjoji na gaske har awanninka su cika. Fasinja ya biya, mataimakin matuƙi ya biya, har ma ya fi kowa a jirgin biya. A tasha, yaron mota da ke koyon tuƙi yana wanke mota, ya ɗaure kaya, ya sha faɗa, amma ko ba komai maigidansa na ba shi na abinci, wata rana kuma ya miƙa masa makulli. Ashe direbobinmu asara suka yi ta tafkawa ba su sani ba. Da sun yi karatu a Turai, da yaron ne zai riƙa biyansu kuɗin kowace tafiya Legas. Ƙungiyar matuƙa ta Turai ta yi ta kururuwa a haramta wannan, wai wanda ya sayi kujerarsa da bashi ba zai iya cewa ya gaji ko ba shi da lafiya ba, ba zai iya musu da kamfani a kan komai ba. To ai abin da ake nema ke nan. Ma'aikaci mai biyayya irin wannan ko da fitila ba a samunsa.

Amurka ta bi wata hanyar. Ranar 12 ga Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka rasu. Bincike ya fito da abin da fasinjoji ba su sani ba: mataimakiyar matuƙin, 'yar shekara 24, kimanin dala 16,000 take samu a shekara, tana zaune gidan iyayenta a can ɗaya ƙarshen ƙasar, kuma kwana ta yi a hanya kafin ta iso bakin aiki. Majalisa ta fusata aka yi doka: daga 2013, in ban da sassauci ga tsofaffin sojoji da masu digirin fannin, sai mai awa 1,500 zai zauna a kujerar mataimaki. Yaro na fita makaranta da awa 250. Ragowar fa? Nan ma an yi tanadi. Ya zama malami, sau da yawa a makarantar da ya gama, ya koyar da sababbin zuwa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yana biyan bashi. Makaranta ta sayar masa da ilimi da tsada, ta ɗauke shi da araha, ta sayar da shi ga na bayansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu gardama za su ce ai akwai waɗanda suka haye, kuma gaskiyarsu. Kyaftin a manyan kamfanonin Amurka na ɗaukar albashin da zai share bashin cikin 'yan shekaru, a 2022 da 2023 ma an yi rububin matuƙa a can har ƙananan kamfanoni suka ɗaga albashi sosai. Sai dai ranar da ka fito ce ke yanke hukunci, ita kuwa ba a sayar da ita a ofishin makaranta. Kwas na ɗaukar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Wanda ya sa hannu a 2018, lokacin da ake rantsuwa da ƙarancin matuƙa, ya fito a 2020 ya tarar da jirage jere a ƙasa an toshe musu injina. Flybe ya rushe a watan Maris na shekarar, Lufthansa ya shawarci ɗaruruwan ɗaliban makarantarsa ta Bremen su nemi wata sana'a, a Nuwamba kuma ƙungiyar matuƙan Birtaniya, BALPA, ta yi abin kunya, ta fito fili ta ce kada kowa ya fara koyon tuƙi a lokacin. Waɗanda suka fi kowa morewa su ne masu bin lasisin MPL, wanda aka ƙirƙiro a 2006, inda ake horar da ɗalibi tun farko a kan tsarin kamfani guda. Da kamfanin ya janye, sai horon ya zama ba ya shiga ko'ina sai an ƙara kuɗi an sauya shi. Amana ke nan ta gaske: kai kana ɗaure da kamfani, shi ba ya ɗaure da kai. Mai zaman jira kuma kada ya yi zaton kyauta zai zauna, don shaidodin nan duk shekara ake sabunta su, a na'urar da ake haya da awa. A wannan sana'a ko zaman kashe wando sai ka biya.

Sai likita, wanda shi ma ba a bar shi a baya ba. Matuƙin kasuwanci na rayuwa ne a kan takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, ana sabunta ta duk shekara, in shekaru sun ja duk wata shida. Bugun zuciya ya ɗan karkace, ko farfaɗiya ta leƙo sau ɗaya, ko ido ya raunana fiye da ƙa'ida, shi ke nan an ajiye mutum, wani na watanni, wani har abada. Sana'ar na iya mutuwa a ɗakin likita cikin rabin awa. Bashin kuwa garau yake, bai taɓa faɗuwa gwaji ba. Akwai inshorar rasa lasisi, da kuɗinta, da sharuɗɗanta a ƙananan baƙaƙe. Ta haka tsarin ke koya wa saurayi mai fam 100,000 a wuya kyakkyawar ɗabi'ar nan ta rashin yawan kai kuka wurin likita. Fasinjoji sai su kwantar da hankalinsu.

Mu a nan muna da namu ƙarin armashin. Uban da ya tura ɗansa Afirka ta Kudu ko Amurka, naira yake samu, dala yake biya. A ce kwas ɗin dala 70,000 ne. A farkon Yunin 2023, ga mai samun dala a farashin banki na kusan naira 460, miliyan 32 ke nan da 'yan kai. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, kuɗin ya haura miliyan 105. Makaranta ba ta ƙara ko sisi ba, yaro bai ƙara ko awa ɗaya ba, amma fili na biyu ya tafi. In ya dawo kuma, kasuwar da ke jiransa na da tarihi mai kwantar da hankali: Nigeria Airways, Okada, Kabo, Chanchangi, Albarka, Bellview, Sosoliso, Air Nigeria, duk sun sauka ba su sake tashi ba, Arik kuwa a 2017 hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashi.

Akwai 'yan baƙin ciki, kuma wajibi ne in ja kunnen mai karatu a kansu. Za su ce ka fara kai yaro gwajin lafiyar nan kafin ka biya ko kwabo. Za su ce kada ka biya gaba fiye da abin da za ka iya rasawa ka yi barci, ka riƙa biya mataki-mataki, rangwame ko nawa ne ka bar musu kayansu. Za su ce a tambayi jirage nawa ke tashi da gaske, ɗalibai nawa ke layi, a nemo waɗanda suka gama bara a ji ina suke, ba wanda ke jikin fosta ba. Za su ce a karanta takardar da ake kira tabbacin aiki da kyau, a ga ko aikin aka yi alkawari, ko kuwa kiran intabiyu in hali ya yi. Wasunsu har cewa suke yaro ya fara riƙe wata sana'a, ya riƙa koyon tuƙin kashi-kashi daga aljihunsa, ko da zai ɗau shekara huɗu. Ka ji fa! Irin waɗannan ne ke kashe wa matasa gwiwa, su kuma hana kuɗi zagayawa. Abin takaici, har wasu kamfanonin sun fara komawa gidan jiya. A 2023 British Airways ya buɗe shirin biya wa ɗalibai kuɗin horo gaba ɗaya, gurbi 60 ya fara sanarwa, mutum sama da 20,000 suka nema. Adadin ya tona asirin da bai kamata a tona ba, wato masu kai da sha'awa ba su taɓa ƙaranci ba, masu gidan jinginarwa ne ke da wuyar samu. Da fatan abin ba zai yaɗu ba.

Saboda haka, Alhaji, kada ka tsaya sauraron kowa. Takardar gidan nan da ke ƙasan akwati ba haihuwa take yi ba, Hajiya ma in an lallaɓa ta za ta fito da sarƙoƙinta. Ka biya duka a dunƙule, ka karɓi rangwamenka, ka ɗauki hoton yaro a gaban jirgi ka tura wa dangi. Sakatariyar makarantar ta ce a gaya maka gurbi biyu kacal suka rage, kuma ranar Juma'a farashi zai tashi.